Lafiya Lau Ta Cinye Idon Inna

Mun tashi da asuba daga Daura, ana sallame salla muka shige mota ko shayi ba mu tsaya sha ba. Mu uku ne: ni, da maƙwabcina mai motar, da baƙon da ya sauka gidana kwana biyu kafin nan. Baƙon nan Kwara ne, wato jinin mutanen Labanan, kuma ɗan'uwana ne na nono. Na san wani zai ce malam ya fara shara ta tun mota ba ta bar gari ba, to bari in warware muku.

Zamanin da gyaɗa ke da daraja, mahaifinsa yana saye a Daura da Zango, mahaifina kuma shi ne mai awonsa a kan sikeli. Sati biyu tsakanin haihuwata da tasa. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe, sai Innata ta haɗa mu ta shayar. Muna da shekara tara ciniki ya mutu, suka tattara suka tafi. Yau shi babban likitan ido ne a Kanada, irin waɗanda ake jira wata da watanni kafin a gan su. Shekara kusan hamsin rabonsa da ƙasar nan, amma ba a yin azumi ko salla bai bugo waya ba.

Za mu je garin Babban Mutum ne, inda Inna take zaune wurin ƙanwata. Shi a tunaninsa gaisuwa za mu je. Ya zo da wani babban kundin hotuna da ya sa aka wanke masa manya-manya, wai don tsohuwa ta gani ba sai ta matse ido ba. Ni kuwa na san shekara uku ke nan Inna ba ta bambanta dare da rana, kuma shekara bakwai da fara abin. Ban taɓa gaya masa ba. Duk da haka na shiga motar nan da rai fal, don an ce mana yanar ido ce, wadda ake jira ta nuna a cire. A zuciyata har na gama tsara yadda za mu kai ta Kano ya kankare abin da hannunsa.

Hanyar Zango ba laifi, sai dai wuraren da damina ta ɓantare gefen kwalta. Kaka ta yi, an karya gero, dammuna jere a gonaki, babura na wuce mu ɗauke da buhuna uku-uku da mai su a saman na uku. Maƙwabcina yana lallaɓa motarsa kamar mai goyon mara lafiya, kowane rami sai ya yi mata sannu.

A Zango muka tsaya karin kumallo. Mai ƙosai na ganin baƙona ta gyara ɗaurin kallabi ta ce wa ta kusa da ita, "Yau Bature zai ci ƙosaina." Sai ya ce, "Baba, ba Bature ba ne, Kwara ne, kuma a Daura aka binne cibiyata." Saura kaɗan matar nan ta kifar da kaskon mai. Hausarsa tana nan, amma Hausar yaro ce ɗan shekara tara, ta tsaya inda ya bar ta. Ya tambaya ko ƙosan na kwabo ne. Da aka ce uku ɗari ya riƙe baki, sannan ya shiga tayi har sai da ta ƙara masa gyara. Na ce masa likita ko ba likita ba, jinin Kwara ba ya ɓuya.

Ya nemi mu nuna masa rumfar awon mahaifinsa. Mun same ta, bango uku babu rufi, awaki na kwance inda sikeli yake a da. A nan ya jingina ya shiga lissafa mini danginsu. Yayarsa injiniya ce a Brazil. Ɗan baffansa yana da masana'antu a Abijan. Wani alƙali ne a Ostareliya, wata kuma tana koyarwa a jami'a a Faransa. Na ce ai kun ci duniya. Ya girgiza kai ya ce ƙauyensu na asali yana can kan dutse, gidaje manya a kulle, tsofaffi ne kawai ke gadin makullai. Sun gina garin kowa, nasu ya zama kufai. Kakarsa ta rasu da jikoki likitoci uku, maƙwabciya ce ta rufe mata ido. Ya ce shi ya sa ya zo, don kada a maimaita masa da Inna.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muna komawa mota na ce masa Inna fa idonta ya ɗan yi rauni. Ya juyo ya ce tun yaushe. Na ce an ɗan kwana biyu. Sai ya jawo ƙaramar jakarsa ya ɗora a cinya, ya riƙe ta haka har muka wuce Baure. Daga nan hanya ta ƙara ƙunci, gonakin gyaɗa dama da hagu, mata na tono. Samari kaɗan muka gani. Maƙwabcina ya ce duk sun tafi Legas da Agadas neman abin kansu.

Mun shiga Babban Mutum da hantsi. Inna tana zaune a tabarma ƙarƙashin rumfar kara tana ɓarar gyaɗa, aikin da hannu ke yi ba sai da ido ba. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, don haka da ta ji sallamata sai ta ce wa ƙanwata, "Wancan ne? Shi da wa?" Baƙona ya tsuguna a gabanta. Ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa, ta bi ta bayan kunnensa na hagu, inda yake da tabon faɗowa daga kan sikeli. Hannun ya tsaya a wurin.

"Jatau," ta ce, sunan da take kiransa da shi saboda farinsa. "Ashe kai ma ka yi sanƙo."

Mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo ɗakin taro, ga shi ya kifa kai a gwiwar tsohuwa yana kuka kamar an ƙwace masa alewa. Ita kuwa faɗa take yi wa ƙanwata, wai an bar yaro da yunwa, a dama masa fura da nono mai kauri, kada a tsinka.

Bai taɓa furar ba sai da ya buɗe jaka. Ya fito da ƙaramar tocila ya haska idon dama, ya haska na hagu, ya sake komawa na dama. Ya ce, "Inna, kina ganin haske?" Ta ce, "Ina dai jin ɗumin hannunka." Ya sa ta rufe ido ya danna a hankali da yatsu biyu. Ya ɗauko wani madubi ya daɗe yana leƙawa. Ni ina tsaye ina jiran ya ce ranar kaza za mu Kano. Sai ya mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ja ni bayan rumbu.

"Wa ya ce muku yana ce?"

Na ce wani mai kemis.

"Ba yana ba ce. Hawan jinin ido ne. Jijiyar ta mutu, duka biyun. Ba a Kano ba, ko Kanada na kai ta babu abin da zan iya." "Shekara bakwai da suka wuce, maganin ɗigawa safe da yamma ya isa ya riƙe mata abin da ya rage. Sau nawa na kira ka a shekarun nan?"

Na ce da yawa.

"In na ce yaya Inna, me kake cewa?"

Na ce, "Lafiya lau."

Sai ya ce laifinsa ne shi ma. Ya manta. Ya daɗe a inda in mutum ya ce lafiya lau, to lafiyar yake nufi. Ya manta cewa Bahaushe ko a kan makara ka tambaye shi, in zai iya buɗe baki, lafiya lau zai ce maka.

Daga rumfa Inna ta ɗaga murya ta ce mu daina ƙus-ƙus, makaho ba kurma ba ne. Da muka dawo ta ce masa kada ya ga laifina, ita ta hana a faɗa. "Don na ba ka nono sai in aika maka da ciwo? Mutane su ce abin da muke jira ke nan? Ba a sayar da nono, Jatau." Gaskiya ta faɗa, ta hana. Amma ni na san wayar a hannuna take, kuma hanin ya yi mini daɗi. Ba na son ɗan'uwana da ya zama wani abu ya ji muryata ina roƙo. Girman kai ne na sa masa rigar kunya.

Kundin hotunan nan bai koma da shi ba. Ya ɗora mata a cinya, yana buɗe shafi yana kama yatsanta yana ɗorawa. Wannan matata ce. Wannan babban ɗana ne ranar da ya gama karatu. Wannan 'yar autata ce, ita na sa wa sunanki. Inna tana shafa takarda mai santsi tana cewa masha Allah, kyakkyawa ce. Na fita waje, don na kasa tsayawa.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Ta cika masa buhu da gyaɗar da ta ɓare, ta ce ya kai wa takwararta. Ya bar wa ƙanwata sunan maganin da zai rage wa Inna ciwon kan da take fama da shi, ya duba idon ƙanwar tawa da nawa, ya ce abin yana bin jini, mu riƙa zuwa awo. Abin da babban likitan ya iya yi wa gidanmu ke nan. Har muka shiga Daura ana kiran magariba, maƙwabcina ne kaɗai ya yi magana, ita ma da motarsa yake yi. Washegari na raka baƙona Kano ya hau jirgi.

Na dawo gida da abu guda. Na daɗe ina cewa matsalarmu rashin masu ilimi ne kusa da mu, duk sun tsere ƙasashen waje. To ni ina da ƙwararre a cikin aljihuna, shi yake kirana da kuɗinsa, yana tambaya da bakinsa. Ba nisa ne ya makantar da Inna ba, kalma biyu ce da aka koya mana tun muna goye, muna ɗaukar ta tarbiyya. Da zan ce muku na koyi darasi, da na ji daɗin rufe labarin nan.

Jiya ya bugo, ya ce ya isa, takwarar Inna ta ci gyaɗa har da santi. Tun safe ƙanwata ta gaya mini Inna ta yi tuntuɓe da turmi ta fasa goshi. Ya ce, "Yaya Inna?"

Kafin in kama bakina na ji na ce, "Lafiya lau."