Lambar da Yaya Rakiya ta rubuta a katin Sulaiman

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rakiya, amma har yanzu idan wani abu ya ɗaure mini kai, sai in ji hannuna ya nufi waya kafin in tuna babu mai ɗauka. Mutanen Rano da kewaye sun fi saninta da Rakiya mai kati. Ta shafe shekara ashirin da wani abu a ɗakin kati na asibiti, kuma yawancin masu gaishe ta a hanya sun ɗauka aikinta bai wuce miƙa kati ta taga ba.

Ainihin aikin yana farawa ne bayan an sallami maras lafiya, ko kuma ya cika. Sai ta ɗauko fayil ɗinsa, ta karanta rubutun likita mai kama da tafiyar tsutsa, ta buɗe wani ƙaton littafi da bangonsa ya gaji, ta nemo lambar cutar ta rubuta. Kowace cuta da lambarta. Daga waɗannan lambobi ne na sama suke gane abin da ke kwantar da mutane da abin da ke kashe su. Muna yi mata dariya a gida, muna cewa ita ce likitan da ba ta taɓa riƙe allura ba. Sai ta ce, "Ku yi dariyarku. In na rubuta lambar da ba ita ba, kamar na binne mutum da sunan wani ne."

Ban fahimci nauyin wannan magana ba sai da abin ya zo kaina.

An kai ni aure Kibiya, inda nake koyarwa a firamare har yau. Da cikina na fari ya tsufa sai aka mayar da ni gida Rano wurin mahaifiyarmu, Inna, kamar yadda aka saba. Na haifi namiji lafiyayye, mai yawan gashi. Babansa ya yi masa huɗuba da Sulaiman. Inna ta karɓi hidimarsa baki ɗaya, ita ke wanka, ita ke gasa cibiya safe da yamma da tsumman da take ɗumamawa a kan kasko, ta shafa man kaɗe da wani garin magani da ta karɓo wurin tsohuwar ungozomar unguwarmu. Da haka ta yi mana mu bakwai, da haka aka yi mata.

A kwana na huɗu ya ƙi kama nono. A na biyar cikinsa ya kumbura ya yi tauri yana sheƙi, yana amai kore, kukan ma ya koma ƙasa-ƙasa. Yaya Rakiya ta biyo da hantsi, ta buɗe zanen goyon, ta dubi cibiyar da ta yi ja tana ruwa. Nan take ta ɗauke shi ta ce in sa hijabi. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, har ana shirin wucewa da shi Kano. Ya rasu ranar jajiberin suna. Ragon yana ɗaure a ƙofar gida, an riga an aika goro Yalwa da Lausu wurin dangi.

Abin da ya biyo baya ya kusan fin rasuwar zafi. Cikin masu zuwa gaisuwa wata ta ce akwai matan da nononsu ba ya karɓar yaro. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta yi ƙafa. Kafin in gama wankan jego maganar ta isa Kibiya, har dangin mijina sun fara shawarar jiƙon da za a ba ni in Allah Ya sake kawo rabo. Ni kuwa na yarda. Ga nono yana zuba yana jiƙa mini riga, ni kuma ina kallonsa a matsayin abin da ya kashe mini ɗa. Na daina cin abincin kirki. Na gaya wa mijina ba na son in sake haihuwa.

Wata ranar Laraba Yaya Rakiya ta ce in raka ta wurin aiki. Ta zaunar da ni a kan bencin ɗakin kati, cikin ƙurar tsofaffin fayil, ta ɗauko na yaron. A sama an rubuta "ɗan Saude", domin haka ake yi wa jaririn da bai kai suna ba. Ita kuma ta ƙara Sulaiman a gefe da hannunta. A ƙasa akwai harafi da lambobi, P78.1.

Ta ce, "Kin ga wannan? Sau uku na koma wurin likita kafin in rubuta. Da farko kumburin ciki kawai ya sa, na ce masa kumburin ciki ba suna ba ne, ya faɗa mini abin da ya gani."

Na ce, "To me ya gani?"

"Akwai wani tantani da ya lulluɓe hanji da kayan ciki. Ƙwayar cuta ce ta shiga ta kama shi. Ta cibiya ta shiga, Saude. Ba ta baki ba. Nononki bai yi masa komai ba sai alheri."

Na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Ta bar ni sai da na yi mai isata. Da na share fuska sai kalmar cibiya ta dawo mini, na tuna hannun da ke gasa ta safe da yamma. Na ɗago na dube ta. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Wa'adinsa ne ya cika. Inna ta yi abin da ta sani ne, da so ta yi. Ke kina buƙatar ki ji wannan don ki rayu. Ita ba ta buƙata. Ya tsaya nan ɗakin."

Ya kuwa tsaya. Ita da kanta ta hau mota ta je Kibiya ta yi wa mijina da mahaifiyarsa bayanin cewa cuta ce mai suna, likita ya tabbatar ba ruwan nono, ba tare da ta ambaci kasko ko tsumma ba.

Bayan shekara biyu na haifi Zainab. Yaya Rakiya ta ɗauki hutu ta tare a ɗakin jego da jakarta. Ta ce wa Inna, "Bayanki ya soma ciwo, ki bar mini wankan nan in koya, ke ki riƙa zama kina gyara mini." Inna ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni, Yaya Rakiya tana amsawa da to, tana kuma goge cibiyar da auduga da maganin asibiti. Kaskon nan bai sake hawa wuta ba. Haka ta yi wa ƙannenmu da matan 'yan'uwanmu, ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta tsaya a gida ba. Da ta lura irin wannan lamba da 'yan'uwanta na ciwon cibiya suna maimaita kansu a fayil ɗin jariran da ake kawowa daga wasu ƙauyuka, sai ta riƙa bin ma'aikatan rigakafi ranar da ba ta aiki. Ta je Rurum Tsohon Gari, ta zauna a tabarma da ungozomomi, ta ci tuwonsu. Ba ta taɓa ce wa tsohuwa kin yi kuskure ba. Sai ta ce, "Baba, zamani ya zo da cututtuka masu naci, ga abin da muke gwadawa yanzu."

Yau in ta dawo, me za ta ce? Wata abokiyar aikinta ta gaya mini an fara shigar da bayanai a kwamfuta, kana buga farkon sunan cuta lambar ta fito, ƙaton littafin nan ya koma saman kabad. Na san za ta yi murna, don ta sha kuka da gara da ɗigar ruwan damina a kan fayil. Za ta ji daɗin ganin ana ba mai jego maganin cibiya tun kafin ta bar asibiti. Amma na san za ta tsaya a bayan matasan da suka gaje ta, ta ce kada sauƙi ya sa su danna lambar da ta fara fitowa, su tashi su je su tambayi likita. Ko a jinyarta ta ƙarshe, da ƙoda ta kwantar da ita, sai da ta kama hannun rigar likita ta ce, "Ɗan nan, ka rubuta da kyau yadda za su iya karantawa."

Watan jiya Zainab ta haihu a gidana a Kibiya. Aka ɗauko Inna daga Rano, ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Na ɗora mata jaririyar a cinya, ta shafa kanta, ta shafa ƙafafunta, sannan ta ce, "Me kuke sa wa cibiyar?"

Na ce, "Na asibiti ne, Inna."

"Madalla. Kada wanda ya kawo mata tsumma."

Ta shiga jijjiga yarinyar. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Rakiya ta ɗauka ban gane ba. Tun ranar da ta ce bayana na ciwo na gane, don bayana lafiyarsa ƙalau. Na ga tana son ta rufa mini asiri, sai na bar ta. In na nuna na sani, da na ɓata mata aikinta."

Shekara da shekaru muna zaune mu uku a kan magana ɗaya, kowacce tana tsaron zuciyar 'yar'uwarta. Na so a ce Yaya Rakiya tana nan ta ji wannan, na so ƙwarai. Ba ta bar gida ko fili ba, ba ta bar ɗa na cikinta ba. Ta bar mata irina da suka daina zargin jikinsu, da tsofaffin da suka sauya hannu ba tare da an kunyata su ba, da yaran da suka kai ranar suna aka kira su da sunansu a bainar jama'a. Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya, Ya haɗa ki da Sulaiman. Jaririyar Zainab ta kwana bakwai lafiya, kuma Inna ce da bakinta ta roƙi uban yarinyar ya sa mata Rakiya.