Daraktan da Aka Saka a Talabijin Ɗinmu

Shekarar da aka aurar da ƙanwata, Inna ba ta je biki ba, ciwon ƙafa ya kwantar da ita a Iku. Ita ta zaɓi atamfar amarya tun kafin ta kwanta, shi ya sa da kaset ɗin bidiyo ya iso ta aiko cewa ranar Asabar za a kawo ta gidana, ta ga yadda shuɗin ya karɓi 'yarta. A makon ne talabijin ɗinmu ya ga dama ya daina nuna kala.

Maigidana akawu ne a wata ma'aikata a Abuja, kullum da sassafe yana cikin bas, kuma tun ranar da ya gyara tocila yake ganin kansa injiniya. Mai gyara ya duba ya ce kiristal ne ya mutu, wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa, a bar masa akwatin zuwa gobe. Maigida ya ce shi ba ya barin akwatinsa a hannun kowa, a dai nuna masa inda ake sayarwa.

Tare muka shiga kasuwa. Mai shagon, wani Ibo da Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, ya zubo iri uku a tafin hannu. Mai ƙafa biyu, in ji shi, ba ya taɓuka komai sai allon wayoyin da ke cikin talabijin ya zungure shi, sannan ya riƙa kaɗawa ba kuskure, kuma shi muke nema. Mai ƙafa uku rariya ce, aikinta tace abin da zai wuce. Mai ƙafa huɗu kuwa da kayan aikinsa a cikinsa, wuta kawai za a ba shi ya fitar da bugunsa da kansa.

Ina ganin maigida ya gyara tsayuwa na san inda ya dosa. Mutumin da aka daɗe ana tsallakewa wajen ƙarin girma ba zai kai ƙaramin ma'aikaci gidansa ba.

"Ba ni daraktan," ya ce, yana nuna mai ƙafa huɗun.

"Oga, rami biyu ne a allon naka."

Ya ce wannan matsalar allon ce. Mai shago ya ɗaga kafaɗa, ya ƙunsa masa a takarda.

A gida ya lanƙwashe ƙafa biyu sama, ya liƙa biyun da dalma. Hoto ya zo fari da baƙi, tsaf. Na yi magana, ya ce in yi haƙuri, sabon darakta ba ya fara aiki ranar da aka kawo shi.

Ranar Asabar aka sauko da Inna daga mota a hankali, ta zauna dab da akwatin. Amarya ta fito toka-toka daga ɗankwali har zani. Maigida ya tuna yana da gaisuwa a Kurmin Sarki. Inna ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓa gwiwata.

"Ke da kika je, shuɗin ya fito?"

Na ce ya fito, Inna, har mutane sun tanka. Ta ce to a mayar mata da wurin baya.