Ranar da Na Zama Ruwa

Wata Juma'a da hantsi, bayan kakar shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya tara mu a bayan gidanmu na Kwatarkwashi, a gindin wani babban dutse, inda ya zana da'irar sabon rumbu da sanda. Tsohon ya tsage, ga dammunan geronmu jibge a tsakar gida, abincinmu na shekara ke nan. An kwaɓa ƙasa, an tara duwatsu, amma Baba ya hana a aza ko curi ɗaya. Ya dube mu ya ce, "Kowa shi zama maƙiyin rumbun ga, shi gaya min ta inda za shi ɓata shi."

Yaya Sani ya zama gara, aka ce a zuba toka a gindi. Ƙanena Bala, wanda dama ɓera ne a kwanon ƙuli-ƙulin Inna, ya zama ɓera, aka ce a shafe bango sumul. Ni aka ba ni ruwa. Na ji haushi ƙwarai, don a ganina ruwa daga sama yake zuwa, jinka kuwa ta gama da shi. Baba bai ƙyale ni ba. "Ke dai hau dutsi ki gangaro, mu ga inda ƙahwahunki ka kai ki." Na hau, na sauko a guje ina ihu, ban iya tsayawa ba sai tsakiyar da'irar. Kowa ya fashe da dariya ban da Baba. Ya share zanen da ƙafa, ya sake shi can kan tudu, Yaya Sani na ta gunaguni saboda jidar duwatsu.

Da damina ta yi tsaka, wata la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna tsaye a ƙofar ɗaki muka ga jan ruwa ya gangaro daga dutse, ya bi sawuna daidai, ya kwashe danga da akurkin kaji, ya ƙwaƙule wurin da'irar farko. Rumbu na can kan tudu, ko gindinsa bai jiƙe ba. Abin da Baba ya ce kawai, "Ruwa ba ya mance hanyatai."

Yanzu ina Gusau, ina ganin ana jera bulo a kan hanyar ruwa, in damina ta yi ɓarna a ce tsautsayi ne. Baba ya rasu, rumbun ma tsufa ya kayar da shi. Amma har yau in na ga an zana harsashin gini, sai in waiwaya in nemi ta inda zan gangaro.