Fartanyar Ƙasar Dutse

A gefen kasuwar Jimeta akwai wani tsohon maƙeri da ban san sunansa ba. Gajere ne, wuta ta cinye gashin hannuwansa, Hausarsa kuma irin ta mutanen duwatsun Madagali ce da rikici ya koro.

Yana zaro fartanya daga gawayi, ta yi jawur. Ba ya nutsar da ita duka a ruwa. Bakinta kawai yake tsomawa, ruwan ya ja tsaki, ya bar jikinta ya huce a hankali. Baki mai tauri ne ke cin dutse, jiki mai laushi ne ke hana ta karyewa.

Wata mata daga Vinikilang tana jujjuya ɗaya a hannu.

"Baba, wannan siririyar ai ta ƙasar dutse ce. Mu a bakin Binuwai muke noma. Yi mini mai faɗi."

"Gobe, 'yata."

"Haka ka ce bara."

Ta tafi hannu rabbana.

Ina jin a wurinsa, ranar da ya ƙera mai faɗi, ya yarda ke nan ba zai koma gida ba. Yana jingina sabuwar kusa da 'yan'uwanta da suka fara tsatsa, ya koma kan zuga-zuginsa.