Sakamakon Gwajin Malama Hannatu

Har yau ban manta da wata ranar Talata ba, da Mama Saratu ta kira ni a waya ta ce in bar abin da nake yi in zo. Tsohuwar nas ce, da ta yi ritaya ta buɗe ƙaramin ɗakin gwajin jini a nan Kafanchan. Shekara biyu kafin nan ni na haɗa mata kwamfuta biyu: ɗaya a ciki inda ake gwaji, ɗaya a gaba inda Rifkatu, mai buga takardu, take fitar da sakamako.

Na tarar ba kowa a kujerar Rifkatu. Mama ta rufe ƙofa ta faɗa mini abin da ya faru. Sakamakon gwajin wata malamar firamare, Malama Hannatu, ya fita. Takardar na yawo a wayoyin mutane, har ta kai ga Zumuntar Mata na cocinsu. Ciwon kuwa irin wanda mutum ba ya faɗa wa ko 'yan gidansu ne sai ya shirya.

"Ni ban yi ba, mai gwajin kuma ƙanena ne," in ji Mama. "Na ce Rifkatu ta zauna a gida. Ka duba mini, ɗana, in san gaskiya."

Na bi kwamfutar Rifkatu tsaf, ban ga alamar ta tura komai ba. Ina fitowa idona ya faɗa kan wata takarda a bangon wurin jira. Kalmar sirrin wayifai ce, wato intanet ɗin wurin, an manna don masu jiran layi.

Ku sabbin shiga sana'ar haɗa kwamfuta, ku gane nan. Domin kwamfutocin biyu su ga aikin juna, na buɗe musu folda guda, wato ma'ajiyar takardu. Ƙa'ida ita ce a sa mata kalmar sirri, a kuma ware wa baƙi layin wayifai nasu dabam. Ranar ina saurin zuwa wani aiki a Kwoi, na ce zan dawo in ƙarasa. Ban dawo ba.

Na fita bakin titi wurin masu acaɓa, na shiga wayifai ɗin da wayata, na taɓa foldar. Nan take sunayen mutane suka jeru, kowa da sakamakonsa.

Wani tunani ya zo mini. In na kulle foldar na yi shiru, ba mai sani, Rifkatu ce za ta ɗauki laifin. Na koma ciki na miƙa wa Mama wayar.

"Mama, ba yarinyar nan ba ce. Ni ne na bar aikina rabi."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To, tare za mu je wurin Malama Hannatu."

A ranar na kulle foldar, na raba layin baƙi, na ba kowane ma'aikaci kalmar sirrinsa. Rifkatu ta dawo aiki, amma ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Wanda ya kwashi takardar kuwa har yau ba mu san shi ba.

Washegari muka sami Malama Hannatu a gida tana tsintar wake. Na yi mata bayani, na roƙi gafara. Ta saurara har na gama.

"Na yafe maka saboda Ubangiji," in ji ta. "Amma ranar Lahadi ni zan shiga coci, ba kai ba."

Ƙarshen zangon karatu ta nemi canjin wurin aiki, ta bar garin.

Tun daga lokacin ba na barin wurin aiki sai na tsaya a waje na gwada shiga kamar baƙo. In mai shago ya ce ƙaramin wuri ne, wa zai kula da shi, nakan tambaye shi sirrin mutum nawa ke cikin injinsa. Masu sirrin nan ba su san mu ba, ba su kuma zaɓe mu ba, amma in muka yi sakaci su ke kwana a ciki.