Jan Motar Marigayi Istifanus Daga Hong Zuwa Rumde

Limawa, da asuba

Ƙarfe biyar da kwata, ina idar da sallar asuba, na tayar da a-kori-kurata a ƙofar gidana da ke Limawa. Tsohuwa ce, da ita nake kai wa mutane siminti da kwano a cikin Jimeta, kuma makanikai sun daɗe suna yi mata dariya. A bayanta na ɗora buhunan yashi huɗu don ta yi nauyi ta kama ƙasa, da sarƙa, da famfon taya, da sandar ƙarfe wadda na tsaya a kan mai walda har ya haɗa mini ita yadda nake so. Igiya kam ban yarda da ita ba. Motar da injinta ya mutu birkinta ba ya kamawa sosai, kana tsayawa za ta zo ta same ka.

Hong za mu, kusan kilomita ɗari da hamsin, mu jawo motar marigayi Malam Istifanus, wanda ya yi koyarwa a can. Lokacin da 'yan ta'adda suka tunkaro garin ya ɗauko matarsa a mota, injin ya buga tun ba su fita gari ba, suka tura ta gidan wani manomi suka shiga daji da ƙafa. Ciwon suga gare shi, tafiyar ta cinye shi, bai yi wata guda a Yola ba ya rasu. Matarsa Malama Rahila, wadda take koyar da 'ya'yana mata, ba abin da ya rage mata nasa sai makullin motar nan, ta zura shi a zare ta rataya a wuya. Da hanya ta buɗe ta je wajen masu janwe har uku, kowa ya ce ba da shi ba. Matata ce ta dube ni ta ce, "Kai da kake cika baki da motarka." Daga nan na ce zan je.

Shida saura ashirin na ɗauke ta a Rumde. Na ga ta fito ita kaɗai da jaka.

"Malama, ina direban da zai riƙe sitiyari?"

"Ni ne," ta ce. "Ba wanda zai zauna a kujeran maigida na."

Girei, Song, Gombi

Muka haye gadar Binuwai gari na wayewa. A shingen sojoji na Girei aka sauke ta, ta ratsa da ƙafa hannu a sama kamar kowane fasinja a lokacin. Wani soja ya leƙa bayan mota ya ɗaga sandar.

"Baba, wannan ƙarfe na menene?"

Na faɗa masa. Ya dubi motata tun daga bamba har taya, ya yi murmushi. "Da wannan? To. Ƙarfe shida muna rufe shinge. Wanda ya makara, a nan zai kwana."

Song muka wuce takwas saura, Gombi tara da 'yan mintuna. Daga nan muka fara ganin ɓarna. Shaguna a ƙone, gonaki ciyawa ta cinye, Malama kuwa hannunta na kan ƙirji tana murza makullin.

Hong

Goma da rabi muka isa. Manomin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya lulluɓe motar da zana da karan dawa, ko madubi ba a cire ba. Tayoyi huɗu duk sun kwanta, birkin baya ya kama da tsatsa. Sama da awa biyu na yi ina famfo ina bubbugawa kafin ta yarda ta gangara. Na ɗaura sandar a ƙugiyar da ke jikin ƙarfen ƙasan mota, ba a bamba ba, don bamba ado ce. Na ƙara sarƙa ta ko-ta-kwana, na ɗaura jan ƙyalle a baya tunda batir ya mutu, babu fitila babu hon. Allah ya taimake mu mai giyar hannu ce, na sa ta a firi, wato babu giya.

"Malama, makulli."

Ta dube ni. "Motan ya mutu, me zai yi da makulli?"

Na bayyana mata cewa in babu makulli a ciki, a murɗe, sitiyari kulle kansa yake yi da zarar an juya shi. Ta ɗan jima kafin ta cire zaren daga wuya. Da ta zauna kuma sai ƙafarta ta kasa kai wa birki, don kujerar tana nan yadda mai dogayen ƙafafu ya bar ta. Na juya baya na shiga gyaran sarƙar da ba ta bukatar gyara, har na ji ƙarar kujera ta matso gaba. Wallahi ta ba ni tausayi.

Muka yi yarjejeniya: in ta ɗaga farin hankici ta taga, in tsaya. Ɗaya saura kwata muka kama hanya, ban wuce gudun talatin ba.

Ina da wata al'ada da marigayi ubangidana ya dasa mini tun ina koyon tuƙi. Duk inda aka tsaya, kafin a tashi sai na girgiza sanda, na ja sarƙa, na taɓa tayoyi in ji zafinsu, sannan in ce wa na baya ya juya sitiyari hagu da dama. Tsakanin Hong da Gombi sau uku na yi haka.

"Malam Sale," ta ce a na ukun, "ko likita ba ya duba mutum haka."

Gombi, da azahar

Biyu da minti biyar muka tsaya. Na yi salla, ita ta sayo mana shinkafa da wake, muka ci a tsaye. Da na dubi agogo gabana ya faɗi: biyu da ashirin da biyar, ga kusan kilomita ɗari zuwa Girei, a tafiyar da ko mai keke zai iya yi mana gori. Na ce mata ta shiga. Na faɗa tawa, na tayar, na sa giya.

Ƙafata ce ta ƙi sakin kuloci. Na ce wa kaina ai ɗazu-ɗazu na duba, me zai canza cikin minti ashirin? Duk da haka na kashe mota na sauko, ina jin haushin kaina. Sanda lafiya, sarƙa lafiya, tayoyi lafiya.

"Kuma?" ta ce.

"Juya, Malama."

Ta juya hagu, sai muka ji ƙas. Ta ja dama, ko motsi. Na dubi ramin makulli, wayam. Yana rataye a wuyanta.

Ta kai hannu ta taɓa shi, idonta ya kawo ruwa. "Ban san lokacin da na cire ba. Kullum in zan tashi sai na ji shi a nan."

Ban yi mata faɗa ba, amma ban ɓoye mata ba. Gabanmu kaɗan akwai kwana mai gangara, kuma manyan motoci na tahowa. Da ta kai kwanar da sitiyari a kulle, motarta za ta miƙe inda ta ga dama, ta fizgi tawa, mu tafi tare. Sai ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta zura makullin ta murɗa, zaren kuma ta jefa shi cikin jaka.

Komawa

Daga nan a-kori-kurata ta nuna wa duniya ko ita wace ce. Hawan duwatsun Song a giya ta biyu ta yi shi, tana nishi amma ko zafi ba ta yi ba. A gangara nakan fara taka birki tun da nisa, a hankali, in ga Malama a madubi ta dafe sitiyari da hannu biyu. Sau biyu muka ƙara tsayawa, kuma kafin in buɗe baki ta riga ta juya hagu da dama. Hankicin nan ko sau ɗaya bai fito ba.

Shida saura minti takwas muka iso Girei. Sojan nan na safe ya dubi agogo, ya dubi sandar, ya sara wa motata, ba ni ba. Na karɓa a madadinta.

Rumde

Ana kiran magariba muka tsaya a ƙofar gidanta. Maƙwabta suka fito, mata na tafi, wani dattijon cocinsu ya cire hula ya dafa motar. Na kwance sanda da sarƙa. Malama ba ta fito ba, na leƙa ta taga.

"Malam Sale, yanzu zan iya cirewa?"

"Cire, Malama. An iso."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa manomin Hong da ya riƙe amanar da ba wanda ya ba shi, da matata da ta tsokane ni. An gyara injin daga baya, har yau da motar Malama take zuwa makaranta, makullin yana haɗe da na gidanta a zobe ɗaya. Makanikan Jimeta sukan ce in ba su labarin hawan Song, in ba su har da ƙari. Amma abin da nake alfahari da shi a raina shi ne saukowar nan da na yi a Gombi, bayan na riga na sa giya.