Hanyar Gawar Periyasami

Periyasami mai fenti ne, maƙwabcina a unguwarmu ta Dalit, mu da ake ɗauka ƙasƙantattun dangi, da ke ƙarshen ƙauye, bayan gonakin shinkafa. Shekara arba'in yana rubuta alluna, na shagon shayi, na bayan mota, na makaranta. Sau uku ya rubuta allon hukumar da jiha ta kafa don hana wariya, saboda sau uku ana sake mata suna, kuma duk yankin babu mai hannu irin nasa.

Shekara shida da suka wuce matarsa Pechiyammal ta rasu ana tsakiyar damina. Hanya ɗaya ce mai kyau zuwa maƙabartarmu, ta layin masu gonaki, manyan dangi. Suka gitta keken shanu a bakin layin, wai gawar irinmu ba ta bi ta ƙofar gidajensu, za ta ɓata musu tsarki. Muka bi ta cikin gona, ruwa har ƙugu. Ina cikin masu ɗauka. Na gaba ya zame, makara ta karkace, Pechiyammal ta faɗa cikin taɓo. Mijinta ne ya goge mata fuska da tawul ɗin kafaɗarsa.

Ya kai ƙara. Hukumar ta saurare shi, ta aika wa masu layin wasiƙar nasiha, don iyakar ikonta ke nan a lokacin. Na ga wasiƙar da idona a shagon shayi, an naɗe soyayyar ayaba da ita.

Bara aka gyara doka. Aka ba hukumar sabon suna mai tsawo, da ikon kiran mutum dole, da ikon ba da umarni ta tura 'yan sanda. Aka kira Periyasami ya sake allo, ni na riƙe masa tsani. Da ya kai rabi sai ya sauko, ya shiga wajen magatakarda, wani mai suna Sundaram. Ayya muke ce wa irinsu, wato ranka ya daɗe.

"Ayya, yanzu da kuka yi haƙora, ina maganar matata?"

"Tsoho, wannan fayil ɗin na tsohuwar hukuma ne."

"Ina tsohuwar hukumar take?"

"An rushe ta."

"An rushe ta, aka bar ka kan kujerarta, da fankarta, da kofin shayinka?"

"Ka iya bakinka. Sabuwar doka ba ta waiwaye. Abin da ya faru bayan an sa mata hannu, shi muke karɓa. In sun sake hanawa, ka zo, za mu ba da umarni."

"In sun sake hanawa. Wato sai wani ya mutu."

"Ni ban ce haka ba."

"Ni na ce, Ayya."

Ya fito ya hau tsani. Raina ya gama ɓaci, na ce masa, "Yaya, ka damalmala musu allon nan mu tafi."

"Don su ce ɗan unguwarmu bai iya aiki ba? Riƙe tsani, malam, kana girgiza ni."

Ya gama allon tsaf, har da zanen fure a kusurwa.

Da muka koma gida ya zauna a ƙofar ɗaki da takarda. Ya rubuta ƙara da wannan hannun nasa mai kyau: sunayen masu tare hanya, sunan layin, lambar sabuwar dokar. A wurin sunan mamaci ya sa nasa. Kwanan wata kaɗai ya bari. Ya miƙa wa 'yarsa Maragadam.

"Ranar, kada ki tsaya kuka. Ki cika nan, ki shiga motar farko."

"Appa, don Allah ka bar wannan maganar."

"Kuma kada ku kai ni cikin ruwa. Ko zan yi wari, ku ajiye ni a bakin layinsu."

Wata bakwai ya ƙara a duniya. Da safe muka ɗauko shi, muka tarar da keken shanun a inda muka sani. Wani daga cikinsu ya ce, "Kun manta hanyarku ne?" Muka sauke makara a gabansu, muka sayo ƙanƙara wajen masu kifi muka jera masa. Maragadam ta riga ta tafi.

Sundaram ya ce mata shugaban hukumar ya yi tafiya. Ta zauna a ƙasan allon ubanta, ta ce ba ta tashi. Kwana biyu gawar tana rana, ƙanƙara tana narkewa tana gangara cikin layin da aka hana ta bi. A rana ta biyu da la'asar umarni ya fito, 'yan sanda huɗu suka zo suka janye keken.

Taku ɗari biyu da goma ne layin, na ƙirga. Shekara shida ana kai ƙara, da allo uku, da ran mutum, a kan taku ɗari biyu da goma. Duk ƙofofi a rufe. Ba mu kai rabi ba muka ji ana watsa ruwa a bayanmu, sun fito da bokitai da kurkum suna wanke inda muka taka. 'Yan sandan suka kau da kai, umarnin bai yi maganar ruwa ba.

Masu ɗauka suka fara sauri, don warin ya yi yawa. Maragadam ta sha gabanmu ta dafa makara.

"A hankali, Kawu. Mahaifiyata ba ta samu ta bi ba. Ku bi da shi na mutum biyu."

Muka rage tafiya.